Inuwar Gidan Illo

A tsakiyar hamada akwai wani birni da ake kira Tsanwa. Ba na mutane ba ne. Ba ya bayyana sai rana ta take tsaka, lokacin da inuwar mutum ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. Baƙo in ya hango shi cewa yake kawalwalniya ce. 'Yan ayari sun san ba ita ba ce, don kawalwalniya ba ta ƙamshin furen lalle. Sukan ja rawani su rufe hanci su wuce.

Illo, tsohon madugu na garin Tudun Ƙaya, sau uku yana ganin birnin a zamanin da yake kai ayari ɗaukar gishiri. Sau uku yana kau da kai. A na huɗu shi ya tafi nemansa da ƙafarsa, kuma tsakar gidansa ce ta kai shi.

Fili ne fetal, ba ganye ba kara. In rana ta ɗaga bango yakan ɗau zafi har ƙadangare ya ƙi hawa. Da Illo ya ajiye fatauci ya rantse sai ya yi inuwa a gidansa irin wadda ya gani a garuruwan dabino. Ya iya aikin. Amma ruwan rijiyar garin akwai kanwa, iskar bazara kuma kamar daga bakin maƙera take fitowa. Sau tara yana dashe, sau tara yana tumɓuke busasshen kara.

Ruwan kuwa 'yarsa ke ɗebowa. Ita ce 'yar fari. Ranar suna ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Safura'u, shi ya sa kowa ke ce mata Uwani. Shi ko Uwanin ba ya faɗa. Mutumin kirki ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya kuma kiran sunan uwarsa, ita kuwa ta haɗa duka biyun. Shekara talatin, in tana kusa ya ce "ke", in tana nesa ya ce "waccan". Mijinta ya rasu, ta dawo gida ba ɗa ba jika. Rijiya gaba arba'in ce, tana bayan gari. Sahu huɗu take yi kullum saboda dashen ubanta, har gammo ya cinye mata gashin tsakar ka. Illo yana gani. Bai taɓa ce mata sannu ba.

Ranar da dashe na tara ya mutu, maƙwabcinsa Gambo majemi ya leƙo ta kan katanga.

"Madugu, ashe na taran ma ya cika? Allah ya jiƙansa. Yaushe ne sadakar uku, mu zo cin gumba?"

"Je ka ji da warin fatunka," in ji Illo.

Ya shiga wurin matarsa Habsatu. Ya ce, "Gaya wa waccan ta ajiye tulu. Zan yi tafiya."

"Ga ta nan bayanka, Malam. Kunnenta ƙalau."

"Ke na gaya wa."

Ya ɗaura wa raƙuminsa salka biyu ya nufi gabas. Kwana bakwai bai ga ko tsuntsu ba. Rana ta takwas da tsakar rana ƙamshin lalle ya doki hancinsa. Wannan karon bai ja rawani ba. Ya bi ƙamshin har ya iske wani dogo tsaye a kan tudu, daga ƙugu zuwa sama mutum, daga ƙugu zuwa ƙasa guguwa.

"Ya kai ɗan Adam, wa ya kira ka?"

"Ba wanda ya kira ni. Ni na zo."

"Ba a shiga Tsanwa da ruwan waje. Zubar da abin da ka ɗauko."

Illo ya kwance bakin salka. Ruwa ya kwarara, yashi ya shanye. Raƙumi ya durƙusa yana lasar wurin.

"Shi fa?" in ji Illo.

"Shi rabon ungulu ne. Wuce."

Shekara goma sha biyu raƙumin nan yana ɗaukarsa. Ya ji kukansa a baya. Bai waiwaya ba.

Ya faɗa wani fili da aka dasa mutane har ƙugu, jere kamar shuka. Kusa da kowanne an binne tulu cike da ruwa, daidai inda harshe ba ya kaiwa. Wani daga cikinsu ya ɗago kai, leɓensa duk a tsage.

"Illo! Ni ne Mati, da muka yi ayari tare shekarar da fari suka cinye gero."

"Mati? An ce ƙishirwa ta kashe ka."

"Da ta kashe ni ai na huta. Dabino ɗaya na tsinka a lambunsu, ɗaya tak. Don Allah karkato mini tulun nan."

Wani hankaka mai gemu da ke tsaron filin ya ce, "Wanda ya taɓa tulu ya karɓi gurbin mai tulu."

Illo ya mayar da hannunsa cikin riga. Ya ce, "Allah ya kawo maka sauƙi, Mati." Ya wuce, Mati na zaginsa har muryarsa ta ɓace.

Gaba sai kogi, amma na yashi, yana tafasa yana tururi. A bakinsa wani damo na kwance, girmansa ya kai amalen raƙumi.

"Ya kai ɗan Adam, ba na ƙetare da kowa sai ya bar mini wani abu. Kwance rawaninka ka ba ni, ka shiga gaban uwargijiyata kai a buɗe."

"Tun ina da shekara ashirin ba wanda ya ga tsakar kaina. Zaɓi wani abu."

"To, ɗan yatsa."

Illo ya miƙa hannun hagu. Ƙas! Damo ya haɗiye ƙaramin yatsan. Ya ce, "Na ƙetare da mutum ɗari. Kai ne na farko da ya ba da nama don ya tsira da tsumma. Hau."

A ƙetare ya ga abin da bai taɓa gani ba. Rumman kamar kan jariri. Dabino ya sunkuyo har ƙasa don nauyi. Inuwa mai sanyi har haƙora na kaɗawa. Ko ɗigon ruwa bai gani ba, ba rijiya ba kwata. A tsakiyar lambun wata tsohuwa na tsaye da fartanya a kafaɗa, gashin kanta saiwoyi ne, sun sauko sun nutse cikin ƙasa. Ita ce Magajiyar Tsanwa.

Illo ya durƙusa. "Allah ya ja zamaninki. Inuwa na zo nema."

"Kowa inuwa yake zuwa nema. Ga tsiro, ga ƙoƙon ruwa ɗaya. Dasa in gani. In ya yi yaushi kafin inuwa ta karkata, akwai gurbi kusa da abokinka."

Illo bai yi gaggawa ba. Ya haƙa rami har gwiwar hannu. Aka kawo masa taki iri biyu, ya ture ɗanyen ya ɗauki tsohon kashin awaki da ya rududduge, don ɗanye ƙona saiwa yake. Ya cakuɗa shi da ƙasar sama. Ya nemi ɗan tulun da ba a shafe ba, ya binne shi har wuya a gefen ramin, ya juye ruwan a ciki, ya rufe bakin da kasko, don ruwa ya riƙa tsatsafowa a hankali inda rana ba ta gani. Ya sa tsiron, ya danne ƙasa da tafin hannu, ya yi mata gurbi kamar akushi. Ya kafa guntun tabarma ta yamma. Ya kewaye da ƙaya.

Inuwa ta karkata, ganye bai sunkuya ba.

Magajiya ta ce, "Hannunka ya iya, ƙasarku ce ta ƙi. Ga huɗu: kurna, dabino, rumman, lalle. Ba su shan rijiya, ba su jiran damina. Saiwarsu ta san inda ruwa yake. Amma ka saurara. Ba su san na gida ba, ba su san na waje ba. Duk mai rai da ya kwana a gidan da aka dasa su, daga jikinsa za su sha, sai wanda mai dashe ya gabatar musu. Ka kira kowa da bakinka, da murya, ya ji ya amsa. Dabba da sunan da ake kiranta. Ɗan Adam da sunan yanka. Wa'adinka har ranar da rumman ya buɗe furen farko. Daga ranar kunnensu ya toshe. Ku nawa ne a gidan?"

"Ni, da matata, da jaki, da akuya." Ya kau da kai. "Da wata."

Tsohuwa ta yi dariya har ganye ya zubo. "Wata ba suna ba ne, ɗan Adam. Tafi."

Dogon nan mai guguwa ya sure shi ya dire shi a ƙofar zaurensa, tsirrai huɗu a cikin riga.

Da la'asar, rana ta yi sanyi, ya fara aiki. Kurna ya sa ta yamma don ta tare zafin yamma daga ɗakuna. Dabino a bakin zaure. Rumman a ƙofar ɗakin Uwani. Lalle a jikin dangar makewayi. Labari ya baza gari. Maza suka hau katanga, mata suka cika ƙofa, Gambo na kan gaba.

Illo ya tsaya a tsakar gida ya bugi ƙirji. "Ni ne Illo."

Ganyaye suka motsa, ba iska.

"Habsatu!"

"Na'am."

"Duna!" Jaki ya yi kuka. "Kyalla!" Akuya ta amsa. Mutane suka fashe da dariya.

Saura mutum ɗaya. Uwani na tsaye da tulu a ka, ta ɗebo ruwa ko da ba a sa ta ba. Illo ya dube ta. Ya buɗe baki. Ya ga idon Gambo a kansa, ya ga tsofaffin da suka san mahaifiyarsa.

Ya ce, "Ke, ajiye tulun nan."

A ransa ya ce gobe, in ba kowa.

Washegari kuwa kurna ta kai kafaɗa. Kwana bakwai ta wuce katanga. Kwana goma inuwa ta rufe tsakar gida, har tattabaru suka zo daga inda ba a sani ba. Tun hantsi dattawan gari ke shimfiɗa buzu a ƙarƙashinta, ba su tashi sai magariba. Gambo da kansa ya cire hula ya ce, "Madugu, na janye maganata." Abin ya yi wa Illo daɗi. In ya tuna abin da ya rage sai ya leƙa rumman, ya ga ko toho babu, ya ce da sauran lokaci. Da safe kuma kafin baƙi su zo yakan tsaya a ƙofarta, ya yi gyaran murya, ya tambayi ko an ba akuya dusa.

Uwani ta daina zuwa rijiya don dashe, ta koma zuwa don kanta. Takan shanye randa guda, ƙishirwa ba ta tafi ba. Leɓenta ya tsage. Warwaro ya fara zamewa daga hannunta. Jaki ya yi ƙiba, akuya ta ba da nono, Habsatu ta yi fes, ita kaɗai ke bushewa.

Illo ya nemi wata hanya. Ya ce wa Habsatu, "Waccan ta tafi wurin ƙanwarki ta kwana biyu." Uwani ta ɗaure 'yan kayanta. Tana taka bakin zaure ta faɗi kamar an fizge ta. Da aka ɗaga ta sai aka ga wasu farare siraran saiwoyi kamar gashi sun fito daga ƙasa sun shige dugaduganta. Aka mayar da ita ɗaki.

Washegari ya tsaya a ƙofarta ya daure ya ce, "Uwani."

Daga ciki ta ce, "Na'am, Baba," da muryar mamaki. Har ta yi ƙoƙarin tashi zaune.

Ganye ko ɗaya bai motsa ba.

Habsatu ta tare shi a bayan rumbu. "Malam, tun ranar da ka kira jaki na san da wata magana. Faɗa mini."

Ya faɗa mata duka.

Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. "Suna? Suna kawai? Shi ne ka bar ta kwana ashirin?"

"Sunan uwata ne. 'Yar fari ce. So kike gari ya ce Illo ya tsufa ya zubar da kunya?"

"Gari ne ya yi naƙudarta?"

Ta juya ta fita tsakar gida, dattawa na zaune a inuwa. Mace ce da ko ruwa ba ta taɓa miƙa wa 'yar farinta a gaban mutane ba. Ta yaye mayafi ta ɗaga murya: "Safura'u! Safura'u 'yata!"

Dattawa suka sunkuyar da kai. Wani ya ce, "Subhanallahi, Habsatu ta taɓu."

Ganye bai motsa ba, don ba ita ta dasa ba. Ta dawo gaban mijinta tana haki. "Ni da na haife ta na faɗa, sunan surukata ne kuma. Ƙasa ta tsage? Saura kai."

Illo ya ɗauko gatari. Ya ce gara a rasa inuwar. Ya kai wa rumman sara ɗaya. Ƙara ta fito daga ɗaki. Suka ruga, suka tarar hannun Uwani ya tsage daidai inda gatari ya ci itace, kuma ko jini bai fito ba. Ya jefar da gatarin.

Ran nan ya duba rumman da kyau. Toho ɗaya ya fito, kore, a dunƙule, kamar ƙwayar gujiya. Ya san rumman. Toho irin wannan sai ya kwana uku kafin ya buɗe. Ɗakin Uwani cike yake da matan unguwa masu dubiya, wasu ma sun ce nan za su kwana.

"Yanzu, Malam," in ji Habsatu. Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa. "Yanzu."

"A gaban mata? Bari su watse. Da asuba zan kira ta. Na yi alkawari."

"Ka ba damo yatsanka. Ita nawa take a wurinka?"

Ya zare ƙafarsa ya tafi masallaci.

Rumman na gida Illo ya sani. Bai san na Tsanwa ba, wanda ya sha ya ƙoshi.

Da ya idar da sallar asuba ya shigo da sauri. Gari ya fara haske. A ƙofar ɗakin 'yarsa fure ɗaya ya buɗe, ja wur.

Ya tsaya. Rawaninsa ya warware ya faɗi ƙasa, bai ɗauka ba. Matan unguwa na nan, Gambo na kan katanga, bai ga kowa ba. Ya kurma ihu har tattabaru suka tashi.

"Safura'u! Safura'u!"

Ya faɗa ɗakin. Tana kwance a tabarma, ba ta fi daurin kara nauyi ba. Ta buɗe ido da ƙyar. Ta dube shi, kai a buɗe, furfura a waje.

Ta ce, "Na'am, Baba. Ashe ka san shi."

Ya juya ya dubi itatuwa ta ƙofa. Ba ganyen da ya motsa.

Kafin ya juyo saiwoyi sun gama aikinsu. Tabarma ta lotsa, ƙasa ta buɗe a hankali ta haɗiye ta, ta rufe. Ya kai hannu, hannun nan mai yatsa huɗu, ya damƙo zane kawai. Ba a sami abin da za a yi wa wanka ba.

Habsatu ta ɗaure kayanta. Bayan kwana bakwai ta kama igiyar akuya ta koma garinsu.

Itatuwa suka ci gaba da girma. Ba gidan da ya kai na Illo inuwa daga Tudun Ƙaya har garuruwan gishiri, amma ba wanda ya ƙara shimfiɗa buzu a ciki. Rumman ya yi 'ya'ya manya, suka nuna, suka fashe a kan reshe. Ko tsuntsu bai ci ba.

Illo ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka. Bai sake naɗa rawani ba. Kullum yakan ɗora gammon 'yarsa a ka, ya ɗauki tulunta, ya yi sahu huɗu zuwa rijiya, ya juye wa itatuwan da ba su buƙatar ruwa. In ya juye sai ya tsaya a gindin rumman ya kira sunan da ƙarfi, ya kasa kunne. Masu wucewa na ji. Har suka gaji da ji.

Sau ɗaya ta amsa masa wannan sunan a duniya, kuma ya riga ya ji wannan.